Kuzar Riruwai da Tukunyar da Za Ta Riƙe Wutar Rana

Wanda ya tashi daga Badafi ya fito Kwanar Ɗangora, ya kama hanyar Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, ba zai jima ba zai hango duwatsun Riruwai sun tokare kudu. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki suke wanke baƙin yashi a bakin rafi, su narka shi da gawayi da zuga-zugi, su zuba ruwan ƙarfen a siraran ramuka ya fito kamar tsinken tsintsiya, fatake su ɗaure shi dami-dami su nufi kasuwannin Kano da na Nufe. Kuza ke nan. A cikin wannan yashi kuwa akwai wani baƙin dutse mai nauyi da ba ya narkewa a wutar maƙera, masu wanki suna ganinsa a matsayin datti. Shi ne kwalambait, kuma a cikinsa ake samun ƙarfen da ake kira niyobiyam.

Waɗannan ƙarafa biyu, kuza da niyobiyam, idan aka haɗa su yadda ya kamata, su ne wayar da aka naɗa manyan maganaɗisun wata na'ura da ake ginawa yanzu a kudancin Faransa, wadda ake so ta kunna irin wutar da ke ci a cikin rana, ta kuma riƙe ta. Galibin niyobiyam ɗin da duniya ke aiki da shi yau daga Barazil yake fitowa, kuza kuma daga Sin da Indunusiya da makamantansu, amma jinsin dutsen ɗaya ne da na bayan gidanmu. Shi ya sa nake ganin tarihin wannan nema ya shafe mu, kuma ya kamata a ba da shi da Hausa tun daga tushe.

Tushen tambaya ce tsohuwa: me rana take ci da ba ta mutuwa? Da itace ne ko gawayi, da ta zama toka cikin 'yan dubban shekaru. A 1920 wani masanin Ingila, Francis Aston, ya auna nauyin ƙwayoyin zarra da awo mai tsananin kyau, sai ya tarar ƙwayar hiliyam ɗaya ba ta kai nauyin ƙwayoyin haidirojin huɗu ba, ta gaza da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A wannan shekarar Arthur Eddington, masanin taurari na Cambridge, ya ɗauki wannan ɗan giɓi ya haɗa da lissafin Einstein na 1905 da ke cewa nauyi na iya rikiɗa ya zama makamashi, ya ce ga abincin rana nan: haidirojin ne ke haɗewa ya zama hiliyam, ɗan nauyin da ya ɓata kuma shi ne zafi da hasken da ke nunar da dawarmu. Hans Bethe ne ya fito da cikakken bayanin matakan a 1939. Kafin nan, a 1934, Mark Oliphant da Paul Harteck da Ernest Rutherford sun riga sun haɗa irin waɗannan ƙwayoyi a ɗakin bincike a Cambridge, ta hanyar harba wasu a kan wasu. Abin ya yiwu, sai dai wutar da suka kashe wajen harbin ta ninka abin da suka samu sau ba adadi.

Haidirojin yana da 'yan'uwa biyu masu nauyi, diyuteriyam da tiritiyam, kuma su ne suka fi saurin haɗewa. Idan suka haɗu sai su haifi hiliyam da wata ƙwaya marar caji mai suna nutiron, wadda ke ficewa da kashi huɗu cikin biyar na makamashin. Diyuteriyam ba ya wuyar samu. A cikin kowane ƙwayoyin haidirojin kusan 6,400 da ke cikin ruwa akwai guda ɗaya, wato wajen giram 30 a kowace lita dubu. Yana cikin ruwan Tiga, yana cikin randar kowane gida. Tiritiyam ne ba ya zama, rabinsa na lalacewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, don haka sai an ƙirƙire shi daga lithiyam.

Ina wahalar take, tunda ga mai a cikin randa? Kowace ƙwayar zarra tana da ƙwallo a tsakiya, ilektiron na kewaye da shi. Ƙwallayen nan duk caji iri ɗaya gare su, kuma masu caji iri ɗaya ture juna suke yi, kamar yadda bakin maganaɗisu biyu masu kama ke ƙin haɗuwa komai matsawarka. Ba za su manne ba sai sun yi karo da gudu mai tsanani, gudun ƙwayoyi kuwa shi ne abin da muke kira zafi. A tsakiyar rana zafin ya kai digiri miliyan 15, ga kuma nauyin ranar kanta da ya danne komai har ya fi ruwa kauri sau 150. A duniya ba mu da wannan danniya, saboda haka dole a rama da zafi: digiri miliyan 100 zuwa 150, wato ninki goma na tsakiyar rana. Tun kafin a kai nan iska ta daina zama iska. Ilektiron sun rabu da ƙwallayensu, kowa na yawo shi kaɗai da cajinsa. Wannan yanayi shi Irving Langmuir ya raɗa wa suna filazma a 1928. Ba baƙo ba ne a wurinmu: walƙiyar da ke tsaga sama a farkon damina filazma ce, haka hasken da ke bakin sandar mai walda.

To, a wace tukunya za a dafa abin da ya kai digiri miliyan 100? Ƙarfen da ya fi kowane jure wuta, tangistin, yana narkewa a digiri 3,422. Mutane kan ɗauka tsoron shi ne filazma ta cinye tukunya. Akwai wannan, amma babbar matsalar ita ce tukunya ta kashe filazma. Abin da ke ciki bai wuce 'yan giram ba, ya fi iskar da muke shaƙa sirantaka nesa ba kusa ba, da zarar ya taɓa bango ya huce, wuta ta mutu. Ana buƙatar bangon da ba a taɓa shi, kuma a nan maganaɗisu ya shigo.

Ƙwaya mai caji ba ta iya tsallaka layin ƙarfin maganaɗisu kai tsaye. Da ta zo sai ya lanƙwasa ta, ta dinga zagaya layin tana tafiya a tsawonsa. Duk wanda ya ga yadda yaɗon wake ke naɗe karan dawa yana hawa ya ga hoton abin. Waken na iya yin sama ko ƙasa a jikin karan, amma ba ya barinsa ya koma wani. Idan aka jera irin waɗannan layuka a cikin bututu, filazma za ta bi tsawon bututun ba tare da ta taɓa gefe ba. Saura bakuna biyu, inda za ta zube. Sai aka ce a lanƙwasa bututun baki ya haɗu da baki, ya zama kamar gammo. Nan ma wata ta ɓullo. A gammo, naɗin waya ya fi matsuwa ta ciki, don haka maganaɗisun ya fi ƙarfi a can fiye da ta waje. Wannan bambanci yana sa ƙwallaye su sulale sama, ilektiron su sulale ƙasa, rabuwar tasu ta haifar da wani ƙarfin lantarki da zai wurga filazmar gaba ɗaya a bangon waje kafin ƙiftawar ido. Maganin shi ne a murɗa layukan kamar yadda ake tufka igiyar rama, ta yadda zaren da ke sama yanzu zai koma ƙasa in an ɗan ci gaba, sulalewar ta dinga soke kanta. Kusan dukan tarihin da zai biyo baya gardama ce a kan yadda za a yi wannan murɗi.

A 1950 wani sajan na sojan Tarayyar Sobiyet da ke aiki a tsibirin Sakhalin, can ƙarshen gabas, ya rubuta wa hukumomin Mosko wasiƙa. Sunansa Oleg Lavrentiev, a lokacin bai je jami'a ba, da albashinsa yake sayen littattafan kimiyya yana karantawa a bariki. Ya ba da shawarar a tsare ƙwayoyin da ƙarfin lantarki. Aka miƙa wa Andrei Sakharov wasiƙar ya duba. Sakharov ya ga dabarar ba za ta yi aiki yadda aka zana ta ba, amma ya yaba wa mai ita, kuma tambayar ta kama shi. Shi da malaminsa Igor Tamm suka zauna suka fito da tsarin gammon maganaɗisu, daga baya aka daidaita a kan cewa murɗin zai fito ne daga wutar lantarki mai ƙarfi da za a tura ta cikin filazmar kanta, kamar yadda tiransifoma ke tura wuta daga naɗi ɗaya zuwa ɗaya, sai dai a nan naɗi na biyun filazma ce. Igor Golovin ya ba na'urar suna tokamak, taƙaitawar kalmomin Rashanci masu nufin ɗaki mai siffar gammo da naɗin maganaɗisu. Ina son wannan labarin sajan, domin ya nuna cewa tambaya mai kyau na iya fitowa daga inda ba a zato, idan aka samu wanda zai karanta wasiƙar da mutunci.

Amurka kuwa ƙarya ce ta tashe ta. A watan Maris na 1951 shugaban Ajantina, Juan Perón, ya shelanta wa duniya cewa wani masani ɗan asalin Ostiriya, Ronald Richter, ya kunna wutar rana a wani tsibiri mai suna Huemul. Kwamitin bincike na ƙasar ya tabbatar a 1952 cewa babu komai a ciki. Amma labarin ya riga ya kai kunnen Lyman Spitzer, masanin taurari na Princeton, lokacin da yake shirin tafiya hutu duwatsun Colorado. Ya san abin da aka faɗa ba zai yiwu ba, sai ya shiga tunanin yadda zai yiwu. Ya dawo da tasa dabarar: a murɗa bututun kansa ya zama kamar lamba 8, daga baya kuma a yi murɗin da naɗin waya na waje, ba tare da tura wuta cikin filazma ba. Ya kira ta sitelareta, wato mai yin tauraro. Turawan Ingila suna kan hanya ta uku, wadda George Thomson da Moses Blackman suka yi wa rajista tun 1946: a tura wuta mai yawa cikin filazma har maganaɗisun da ita kanta ta haifar ya matse ta.

Duk wannan a ɓoye ake yinsa, domin ilimin ɗaya ne da na bom ɗin haidirojin, wanda Amurka ta fara gwadawa ranar 1 ga Nuwamba, 1952. A daidai waɗannan shekaru ne kuma dattin masu wankin kuza ya zama kuɗi. Amurka na son niyobiyam don ƙarfen injin jirgin sama mai jure zafi, ta dinga sayen kwalambait da tsada tana tarawa, Najeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da shi a duniya. Aka koma kan tsofaffin tulin yashin da aka zubar a Filato da kewayenta ana sake wankewa. A 1954, ana tsakiyar wannan ciniki, Bernd Matthias da abokan aikinsa a ɗakin binciken kamfanin Bell suka gano cewa haɗin niyobiyam kashi uku da kuza kashi ɗaya yana da wata baiwa idan aka sanyaya shi ƙwarai. Babu wanda ya haɗa wannan da batun filazma a lokacin.

Filazma kuwa ta ƙi zama. An zana ta a takarda kamar ruwa mai biyayya, sai ga ta da halin maciji. A tura mata wuta ta lanƙwashe, lanƙwasar ta ƙara kanta da kanta har ta bugi bango. Wani lokaci ta tsuke a wuri ɗaya ta kumbura a wani har ta tsinke. Martin Kruskal a Amurka da Vitaly Shafranov a Rasha, kowa a ɓoye ba tare da sanin ɗan'uwansa ba, suka gano iyakar wutar da za a iya turawa kafin macijin ya motsa. A Harwell ta Ingila, John Lawson ya yi wani lissafi a 1955 wanda har yau shi ne ma'aunin kowa. Ya nuna cewa tukunyar nan a kan duwatsun murhu uku take zaune: zafi, da cunkoson ƙwayoyi, da tsawon lokacin da zafin ke zama kafin ya tsere. In ɗaya ya gaza, sauran biyun ba za su riƙe ta ba. A watan Janairu na 1958 Harwell ta sanar cewa na'urarta ZETA ta kai digiri miliyan 5 kuma tana fitar da nutiron, jaridu suka yi ta shelar wuta kyauta daga ruwan teku. Kafin watan Yuni aka janye maganar. Nutiron ɗin daga hargitsin filazmar suka fito, zafin bai kai yadda aka zata ba. Wannan kunya ta koya wa masu fannin taka-tsantsan, kuma ta nuna cewa matsalar awo ta kai ta gini girma.

A watan Satumba na 1958, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da nukiliya ta hanyar lumana a Geneva, ƙasashen uku suka buɗe littattafansu. Igor Kurchatov na Tarayyar Sobiyet ya riga ya share hanya da laccar da ya yi a Harwell a 1956. Da aka baje kaya sai aka ga kowa a rami ɗaya ya faɗa. Tun daga nan fannin ya zama na kowa da kowa, ana musayar sakamako ko a lokacin da makamai masu linzami ke fuskantar juna. Shekarun 1960 sun yi ɗaci. Zafi na tserewa daga sitelaretar Princeton da saurin da ya ninka lissafi sau da yawa, har wasu suka fara cewa wataƙila haka Allah ya yi filazma, ba ta riƙuwa.

Sai 1968, a taron Novosibirsk, Lev Artsimovich ya miƙe ya ce tokamak ɗinsu mai suna T-3 ta kai digiri miliyan 10, kuma tana riƙe zafi fiye da kowace na'ura nesa. Ba a yarda ba. Rashawa ba su auna zafin kai tsaye ba, kuma ba a manta da ZETA ba. Abin da Artsimovich ya yi shi ne ya gayyaci masu shakkar su zo su auna da kansu. Masanan Culham ta Ingila sun ƙware a wata sabuwar hanya: a harba hasken leza cikin filazma, a duba yadda launinsa ya bazu bayan ya yi karo da ilektiron, daga nan a san gudunsu. A 1969, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Nicol Peacock da Derek Robinson da Michael Forrest da Peter Wilcock suka kwashi kayan awo tan-tan suka sauka Mosko. Bayan watanni suna aiki, awo ya nuna Rashawa sun yi gaskiya. Aka buga sakamakon a mujallar Nature a watan Nuwamba. Cikin 'yan watanni Princeton ta warware babbar sitelaretarta ta mayar da ita tokamak, duniya ta bi. A ganina wannan ita ce rana mafi kyau a dukan tarihin, domin mutum ya buɗe ƙofarsa ga abokin hamayya ya ce zo ka gwada ni.

Tashin farashin mai na 1973 ya kawo kuɗi. Aka gane cewa girma na taimakawa, kamar yadda babbar tukunyar tuwo ke daɗewa da zafi fiye da ƙarama, aka kuma koyi ƙara zafi da harbin ƙwayoyi masu gudu da igiyoyin rediyo. A 1978 Princeton ta kai digiri miliyan 60. Sai dai an lura cewa duk lokacin da aka ƙara zafi, riƙon na raguwa, saboda ƙananan guguwoyi da ke tashi cikin filazmar suna kwashe zafi daga tsakiya zuwa gefe. A watan Fabrairu na 1982, a na'urar ASDEX da ke Garching kusa da Munich, Fritz Wagner ya ga abin da babu lissafin da ya hango shi. Da zafin ya wuce wani mataki, sai guguwoyin bakin filazmar suka lafa da kansu, wani siririn shinge ya kafu a gefe, riƙon ya ninka biyu. An shafe shekaru kafin a fahimci cewa filazmar ce ke juyawa a gefen da gudu daban-daban, tana yayyaga guguwoyin tun suna ƙanana. Dukan manyan na'urorin da aka tsara bayan nan a kan wannan yanayi suka dogara.

Shekarar 1985 ta zo da abubuwa biyu a jere. A watan Oktoba Majalisar Kuza ta Duniya ta kasa biyan bashinta a Landan, kasuwar kuza ta rushe, abin da ya rage na manyan kamfanonin haƙa a arewacin Najeriya ya ƙarasa durƙushewa. Kwalambait dama ya riga ya rasa kasuwa tun da Barazil ta buɗe ma'adinanta na Araxá. A watan Nuwamba kuma Mikhail Gorbachev da Ronald Reagan suka haɗu a Geneva, cikin abubuwan da suka amince har da haɗa hannu a gina babbar tokamak ta duniya, shawarar da masanin Sobiyet Evgeny Velikhov ya daɗe yana turawa. Daga nan aka haifi ITER, na'urar nan da ake ginawa a kudancin Faransa.

Kafin ta tashi, wasu na'urori biyu sun ɗanɗana ainihin man. JET, na'urar haɗin gwiwar Turai da ta fara aiki a Culham a 1983, ta zuba tiritiyam karo na farko ranar 9 ga Nuwamba, 1991. TFTR ta Princeton ta ba da megawat 10.7 a 1994. A 1997 JET ta kai megawat 16, bayan an zuba mata megawat 24 na zafi, wato ta mayar da kashi biyu cikin uku. A zagayen gwajinta na ƙarshe da tiritiyam, a watan Oktoba na 2023, ta fitar da megajul 69 cikin daƙiƙa biyar. In aka mayar da shi lissafin mitar gida, wajen yunit 19 ke nan. Kaɗan ne, amma man da aka ƙona kashi ɗaya cikin biyar ne na miligiram, abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba. An rufe JET a ƙarshen wannan shekarar bayan ta yi shekara arba'in tana aiki.

Daƙiƙa biyar ɗin nan ba laifin filazma ba ne. Maganaɗisun JET da jan ƙarfe aka naɗa su, suna shan ɗaruruwan megawat, suna zafi, dole a kashe kafin su lalace. Tashar da za ta ba gari wuta ba za ta yiwu da haka ba. A nan ne baiwar da Matthias ya gano ta zama ginshiƙi. Tun 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya gano a Leiden cewa wasu ƙarafa, in aka sanyaya su kusa da ƙarshen sanyi, suna daina yi wa wutar lantarki tirjiya ɗungum, wuta ta bi su ba zafi ba asara. Matsalar ita ce maganaɗisu mai ƙarfi yana kashe wannan hali. A 1961 Eugene Kunzler, shi ma a Bell, ya nuna cewa haɗin niyobiyam da kuza yana ɗaukar wuta mai yawa ko a cikin maganaɗisu mai tsananin ƙarfi. Sai dai haɗin gaggautsa ne kamar fasasshen tulu, ba ya lanƙwasuwa. Don haka ake jan siraran zaren niyobiyam tare da kuza da jan ƙarfe tun kowanne na da laushinsa, a naɗa su a siffar da ake so, sannan a gasa naɗin gaba ɗaya a zafin digiri 650 na kwanaki har kuzar ta ratsa niyobiyam. Maƙerin da ya san cewa akwai aikin da ake yi wa ƙarfe kafin a ba shi ruwa, domin bayan nan ba ya karɓar guduma, zai gane wannan da wuri.

An zaɓi Cadarache ta kudancin Faransa a 2005, aka sa hannu a Faris a 2006 tsakanin Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Japan, Indiya da Koriya ta Kudu. Manyan naɗin ITER guda 18 ne, kowanne tsayinsa mita 17, nauyinsa ya haura tan 300. Sun ci wayar niyobiyam da kuza wajen tan 500, tsawonta ya haura kilomita 100,000, abin da zai zagaye duniya sau biyu da rabi, alhali kafin wannan aiki abin da duniya ke ƙerawa a shekara bai wuce tan 15 ba. Za a sanyaya su da ruwan hiliyam zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma 'yan mitoci kaɗan daga jikinsu filazma za ta kasance a digiri miliyan 150. Burin shi ne a zuba megawat 50 na zafi a samu 500. Ba za ta ba kowa wutar lantarki ba, gwaji ce. Kuma ta yi jinkiri mai yawa, kuɗinta ya ninka abin da aka ƙiyasta. A watan Yuli na 2024 shugabanta Pietro Barabaschi ya sanar da sabon jadawali: fara bincike a 2034, zuba diyuteriyam da tiritiyam a 2039.

Wasu ba su jira ba. Sitelaretar Spitzer da aka yasar ta dawo, domin kwamfuta ta iya lissafa murɗin da hannu ya kasa, Jamus ta kunna Wendelstein 7-X a Greifswald a 2015. Tokamak ɗin Sin mai suna EAST ta riƙe filazma daƙiƙa 1,066 a watan Janairu na 2025, bayan wata ɗaya WEST ta Faransa ta yi 1,337. A Amurka ana gina SPARC da wata sabuwar waya marar tirjiya da ke ba da maganaɗisu mafi ƙarfi a ƙaramin jiki. Nasarar da aka yi ta yayatawa a watan Disamba na 2022 a Kalifoniya kuwa ta wata hanya ce daban, ta matse ɗan ƙwayar mai da leza, babu maganaɗisu a ciki.

Abin da ya rage ba ƙarami ba ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ba a taɓa nuna cewa tasha za ta iya ƙirƙirar tiritiyam ɗin da take ci daga lithiyam ɗin da ke bangonta ba. Nutiron suna raunana kowane ƙarfe in sun daɗe suna dukansa. Wani lokaci filazmar tokamak kan rushe farat ɗaya ta zuba dukan ƙarfinta a bango. Sannan akwai makwararar da ke ƙasan gammon, inda ake karkata gefen filazma don fitar da tokar hiliyam, wurin da ke shan zafin da ya fi na ko'ina. Da tangistin ake shimfiɗa shi, kuma ITER ta yanke shawarar rufe dukan bangon ciki da shi. Tangistin daga dutsen wulfuram ake samunsa, shi ma yana cikin jijiyar ma'adinin Riruwai tare da kuza da tutiya.

A Najeriya abin da ya fi kusa da wannan fanni yana Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ƙaramar na'urar nukiliya mai kilowat 30 take aiki tun 2004. Ita ta tsaga ƙwayar yuraniyam ce, kishiyar haɗewa, kuma babban aikinta gano sinadaran da ke cikin dutse da ƙasa da abinci. Masar da Libiya da Afirka ta Kudu sun taɓa girka ƙananan tokamak na bincike. Ban ga dalilin da zai sa ƙasar da wutarta da ƙyar take haura megawat 5,000 ta jira 2039 ba, ga rana a sama da faifan sola a kasuwa, ga ruwan Tiga da aka tare tun 1974. Abin da ke damuna shi ne mun yi ƙarni muna sayar da dutse a buhu ba tare da an koya wa yaranmu abin da dutsen ke zama ba, alhali lissafin filazma allo da kwamfuta yake buƙata kafin ya buƙaci biliyoyin kuɗi.

Har yanzu ana haƙa a Riruwai, da diga da shebur da kwanon wanki. Idan yashin ya bushe aka kai shi rumfar masu saye, ana bi da shi ta cikin injin da ke da maganaɗisu, domin kwalambait da wulfuram suna ɗan amsa kiransa, kuza kuwa ba ta amsawa. Baƙin dutsen ya faɗa gefe ɗaya, kuzar ta faɗa ɗaya gefen, a auna kowanne a kan sikeli, a ɗinke buhu, a loda a mota.